Zoben Agadas

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Malama Rakiya ba. Ko na so in manta, 'yan ajinmu sun ɗauki alkawarin tuna mini har mu tsufa.

Ni a makaranta ba a san ni da magana ba. Bencina yana can ƙarshe kusa da taga, aikina kuwa kallo. Na san wadda ke aro hijabin yayarta, na san wadda ke goga wa takalminta man girki don ya yi ƙyalli, na san malamin da gemunsa ke ƙara baƙi duk ranar Litinin. Ba na faɗa wa kowa. Sai dai in yi dariyata a ciki, ina ganin kaf Daura babu mai ido irin nawa. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Malama Rakiya ita ke koya mana lissafi, kuma a Zango za a yi bikinta. 'Yan gaban aji suka fitar da anko. Shugabarsu Hindatu, wadda ko atishawa ta yi sai an samu masu kwaikwayo, tana ta ƙorafi wai babanta zai tafi Kano da mota ranar.

"Yanzu da ankonmu da lallenmu za mu ɗare acaɓa kamar masu zuwa cin kasuwa?" in ji ta.

Har yau ban san abin da ya buɗe bakina ba. Ji kawai na yi na ce, "Motarmu za ta kai mu."

Duk suka waiwayo. Ina jin wasu ranar suka fara jin muryata. Hindatu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Au, kuna da mota? To matso mana, me kike yi can baya?"

Mota kam muna da ita. Abin da ban faɗa ba shi ne tana fake a harabar gida ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a inuwarta. Tun da Baba ya daki wani dutse da ita a hanyar ƙauye bayan Mai'adua take ɗigar da baƙin mai kamar mai mura. Ga zafi, ga farin hayaƙi ta salansa, man cikinta ya koma kalar shayi mai madara. Bakanike ya ce gaskit ɗin kan inji, wato 'yar shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone, kwanon baƙin mai da ke ƙasan injin kuma ya tsage, duka biyun sai an canza.

Nan Yaya Sagir ya shigo zancen. Yayana ne, yana hutun makaranta, kuma ya kalli yadda ake aikin a waya. Wannan mutumin fa ko sarƙar keke ce ta zame masa, turo keken yake yi har gida.

"Baba, ba sai an kai ta gareji ba," in ji shi. "Ai noti ne kawai, ka kwance ka ɗaure."

Baba ya dube shi ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ni kuwa na ce amin da ƙarfin da ban taɓa yi ba, don mutuncina na cikin wannan injin.

Aka sayo gaskit sabo a kwalinsa da kwanon mai na hannu. Yaya ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da bulo, ya shimfiɗa tsohon zanen Mama ya shige ƙarƙashi. Abin da ya fara yi shi ne tsiyaye tsohon mai a cikin robar wanke-wanke.

"Sagir! Robata ce fa wannan!" Mama ta ƙwala daga ƙofar kicin.

"Mama, aikin inji ake yi."

"Aikin inji a gidan ubanka da robata? Da farantina kuma na ga ka zuba notoci a kai!"

Ni ina gefe a kan turmi ina tsince shinkafa, ina ƙirga masa kurakurai. Baturen da ke koyar da aikin a bidiyon wayar da safar hannu yake aiki, ƙasan garejinsa kamar a ci tuwo a kai. Namu injiniyan kuwa da yatsa mai baƙin mai yake tsayar da bidiyon, har fuskar wayar ta daina ganuwa. Baturen yana da wata sifana mai ƙara in noti ya ɗauru daidai. Yaya ya zura bututun ruwa a kan tasa sifanar, ya taka taya da ƙafa yana nishi, wai shi a hannunsa yake jin awon. Da ya ɗaga kan injin ya ga tsohon gaskit ya cinye ta gefe guda, sai da ya zagaya gida da shi yana nuna wa kowa, har da kakarmu da ba ta gani sosai. Ya kankare wurin da wuƙar yanka albasa, ya kwantar da sabon, ya juya shi, ya sake juyawa, ya koma wa Bature. Na ce a raina, wannan ko fai-fai aka ba shi ba zai gane gaba da baya ba.

Sharar yamma tawa ce. Ina cikin yi, kusa da tayar gaba, wani abu ya ɗan yi ƙyalli cikin yashi. Na ɗauka. Zobe ne na jan ƙarfe, siriri, mai ɗan faɗi, ba ado ko ɗaya a jikinsa. Na goge shi da toka da lemun tsami, ya fito ja-ja-wur. Na gwada a ƙaramin yatsana, ya zauna ɗas kamar da ni aka auna. Gidanmu mata na shige da fice, na ce wata baƙuwa ce ta yar, rabona ne ya tsaga. (E, kusa da tayar mota. E, a wurin da aka baje kayan inji. Mai ido ke nan.)

Washegari a aji Hindatu ta kama hannuna. "Ke, ina kika samo wannan? Ban taɓa ganin irinsa ba."

Da na ce tsinta na yi, da an wuce wurin. Amma wanda ya ɗanɗani zaman gaban aji, bencin baya ba ya sake yi masa daɗi.

"Kawuna ya kawo mini daga Agadas," na ce. "Buzaye ke ƙera shi da hannu."

"Shi ya sa! Irin wannan ai ba a samu a kasuwar Daura."

Ta gwada, ya tsaya mata a farce. Sauran suka bi layi. Na ƙara da cewa ba a cika yi masa ado ba, don masu kuɗin can ba sa son hayaniya. Ni da ban iya amsa gaisuwa da ƙarfi ba, sai ga ni ina ba da tarihin Buzaye.

Da na koma gida na tarar da Yaya a durƙushe yana tace yashi da yatsunsa kamar mai neman allura. Ya riga ya ɗaura kwanon da aka sayo, saura notin da ke toshe ramin da ake tsiyaye mai.

"Ke, da kika yi shara jiya ba ki ga komai ba?"

"Komai kamar me, Yaya?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Baba, ya yi ƙasa da murya. "Bar shi kawai. Me kika sani a harkar inji?"

Ina tsaye a kansa, hannuna cikin hijabi. Na ga ya yago baƙar leda, ya naɗe ta a wuyan notin, ya ɗaure, ya ɗura sabon mai. Na yi murmushi na ce a raina, oh, yau ga injin da aka ɗaure kamar ƙullin ƙosai. Na shige ɗaki ina jin tausayin mutanen da ba su da lura.

Ranar biki mota ta tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi ba tari. Yaya ya fito cikin farar shadda da baƙin tabarau, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya ƙera ta. 'Yan mata suka cika baya, wata kan cinyar wata, ni da Hindatu a gaba. Muka ratsa ta wajen Kusugu, na ɗora hannuna mai lalle a bakin taga yadda rana za ta doki zoben.

Mun bar gari, gero ya yi kore shar hagu da dama, sai na ga wata 'yar jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban Yaya.

"Yaya, wata fitila ta kama."

"Dama haka take yi," in ji shi, ya ɗora hularsa a kanta.

Can sai ga wani mai acaɓa ya biyo mu yana danna oda yana nuna ƙasa. "Alhaji! Alhaji, tsaya! Motarka na fitsari!"

Muka tsaya. Muka fito. A bayanmu baƙin layi ya miƙe kan kwalta har inda ido ya ƙare, wanda duk ya bi shi zai kai shi ƙofar gidanmu. Yaya ya kwanta da farar shaddarsa ya leƙa ƙasa. Ledar ta narke da zafi, notin ya saki, yana lilo a bakin rami. Ya ƙarasa kwance shi da yatsa ya fito da shi.

Kafin ka ce me, mutane sun taru: mai acaɓan, manoma biyu da fartanyoyinsu, da wani tsoho mai jan akuya. Yaya kuwa, da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya koma malami.

"Aikin lafiya lau yake, ni na yi shi da hannuna. Wani ɗan abu ne kawai ya ɓace. Shi ake sa wa a wuyan notin nan ya hana mai fita. Na jan ƙarfe ne, zagayayye, siriri, kamar zobe. Girmansa bai wuce..."

Ya fara waige-waige yana neman abin misali. Ni kuma a daidai lokacin na dubi ƙaramin yatsana. Na fara jan hannuna a hankali zuwa cikin mayafi. Amma ashe ba ni kaɗai Allah ya ba ido ba. Hindatu ta cafke wuyan hannuna ta ɗaga shi sama kamar an ci dambe.

"Yaya, kamar wannan?"

Kowa ya zuba wa yatsana ido. Har akuyar ta daina kuka.

Yaya ya cire tabarau. "Ke! Ubanwa ya ba ki?"

"Kawunta ne ya kawo mata daga Agadas," in ji Hindatu, da wata murya mai zaƙi kamar zuma.

"Wane kawun? Kawunmu ɗaya ne, tela ne a Zango, ko Maraɗi bai taɓa zuwa ba. Cire ki ba ni!"

Na ja, ya ƙi fita. Zafi ya kumbura yatsan. Na murza, na ciza, ya ce yana nan. Yaya ya dangwalo baƙin mai daga kan kwalta ya shafe mini yatsa da shi, a kan lallen da na kwana ina tattali, ya fizge. Ya zura zoben a wuyan notin. Ya zauna ɗas, ya fi yadda ya zauna a hannuna.

"Ikon Allah," in ji Hindatu. "Ashe Buzaye har kayan mota suke ƙerawa da hannu."

Tsohon mai akuya ya ce, "'Yata, kawun naki bai haɗo miki da galan ɗin baƙin mai ba? Don shi ake buƙata yanzu."

Dariyar da aka yi, ina jin an ji ta a Zango kafin mu isa. Wanda ya fi ba ni haushi Yaya ne. Mutumin da ya ɗaure inji da leda, ya rufe fitila da hula, shi ne ya tsaya yana girgiza kai yana cewa, "Kun gani ko? Yaran yanzu ba su da lura."

Mai acaɓa ya koma gari ya sayo mai. Muka zauna gindin wata bishiya muna korar ƙuda, ba wadda ta zauna kusa da ni. Da muka isa an gama kamu, an cinye abinci, sai ƙanzo. Malama Rakiya ta tambayi abin da ya tsayar da mu, Hindatu ta ce, "Malama, ta Agadas muka biyo."

Allah ya taimaka injin bai buga ba. Da Baba ya ji labari bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi gobe in zai canza taya zai fara duba kunnuwana.

Ranar Litinin na koma bencina na ƙarshe, da sabon suna: Hajiya Agadas. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ban taka shi ba, goge shi na yi da toka da lemun tsami na sa a yatsa. Yanzu in na tsinci abu mai ƙyalli, sai na zagaya gida na tambayi kowa, har kaji. Zoben kuwa yana nan a ƙasan motar yana aikinsa, ko ɗigo ba ta ƙara yi ba. Duk ranar da Baba ya wuce ta gaban makarantarmu, sai wata ta leƙa taga ta ce, "Hajiya, tashi ki gaisa, ga tsarabar kawu nan za ta wuce."