Tawul Ɗin Hashimu

"...lafiya lau, amarya. Tun azahar na aike ki, sai yanzu? Ko wani saurayin ne ya tare min ke a hanya?"

"Ina na ga saurayi, ya Sidi? Duk ka kore su da tarinka."

Ina kicin ina suyar sambusa na ji sun fara, na ce shi ke nan, yau ma kunnena ya shiga uku. Mahaifina ne, Baba Abdulghani, da 'yata mai suna Bayan. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuwa tana ce masa Sidi, wato kaka, ba ta taɓa raga masa ba. Ran nan unguwarmu ta Nuzla a Jidda duk ta koma koriya, launin kulob ɗin Ahli, don washegari Ahli za ta buga wasan ƙarshe na kofin Asiya a filin Jauhara da wani kulob na Japan, Kawasaki Frontale. Ita Bayan ta samu tikitinta a tsakiyar 'yan Ahli, har barci take da koren shal a wuya. Baba kuma, da idonsa ya dushe har ba ya bambance ni da labule, ya kafe sai an kai shi filin, kuma gefen Japanawa. Ba mai kai shi in ba ita ba.

"Ina rigar da na ce ki sayo min?"

"Na zaga kasuwar Balad kaf. Wanda na ce wa Kawasaki sai ya nuna min shagon babura. Wa ya san su? Kulob ne ko injin wanki?"

"Kai, jahilci! Tun kafin a haifi uwarki suke taka leda. Ma'aikatan kamfanin na'urori ne suka kafa shi, su tashi daga aiki su cire taye su shiga fili."

"Shi ya sa suke wasa kamar masu jiran a tashi ofis."

"Shuɗi da baƙin nan nasu, daga wani kulob na Brazil suka samo."

"Ka ji! Ko launin ma aro ne. Alamarsu kuma kifi."

"Abu Salama ne, ba kifi ba, dabbar ruwan nan mai rakiyar jirgi a teku. Ke da ko bakin teku na Kornish aka je sai kin riƙe min riga."

"Ni nake riƙe ka don kada iska ta kwashe ka, tsoho. Mu dai gobe ranarmu ce. Sau biyu muna zuwa wasan ƙarshe muna dawowa da kuka."

"Sau biyu kacal? Yarinya, ba ki san jira ba. Mutanena sun yi ta zuwa na biyu har aka yi musu laƙabi da masu tara azurfa. Mai lamba goma sha huɗu, Nakamura, ya shigo yana saurayi, bai taɓa sauya riga ba, yana nan har ya kusa arba'in. Ran da suka ci gasar ƙasarsu kifewa ya yi a ciyawa yana kuka."

"Na tuna, ni na nuna maka a waya. Na kuma tuna abin da suka ɗaga. Faɗa da bakinka!"

"An kai kofin wani gari ne, ana zaton wasu za su ci..."

"Me suka ɗaga?"

"Bokitin wanka. Na katako."

Sai Bayan ta tuntsire da dariya har da buga ƙafa. "Bokiti! Ni ce zan bar Ahli in zauna da masu bokiti? Ashe ban da ido, har hankalin ya fara tafiya."

"Ki kiyaye ni, zan sake ki in auro 'yar Ittihad, abokan gabarku."

"Yalla, bismilla! Ta zo ta riƙa tauna maka nama."

Na leƙo, sai na ga Baba ya zaro tsohon tawul ɗin nan daga ƙarƙashin matashi, mai shuɗi da baƙi, ya shimfiɗa a cinya yana shafawa. Wallahi zuciyata ta karye, don na san labarin da ke tafe.

"Hashimu ne ya ba ni," in ji shi. "Hashimoto sunansa, mu a tashar jirgin ruwa muka gajarce masa. Injiniya ne a jirgin da ke kawo motoci, ni ina sauke su. In jirginsu ya tsaya, sai mu zauna bakin ruwa da shayi. Ba Hausa, ba Larabci, ɗan Turancin ma kame-kame. Zai ɗaga yatsu biyu ya dafe kai, na gane, bana ma na biyu suka zo."

"Abota da yatsu. Ai kun dace."

"Ya zana min garinsu a bayan kwali. Kogi, ciyawa a gefensa, filin wasan ga shi nan kusa. Wai akwai lokacin da furanni ke zubowa daga itatuwa kamar audugar katifa. Ni da ban taɓa wuce Ɗa'if ba, har yau in na rufe ido ina ganin kogin nan. Ina tafe a bakinsa, ƙafata ba ta ciwo, iska mai sanyi, ana ta buga ganga daga nesa."

"Ba sai ka rufe idon ba ai, ya Sidi," ta ce, amma muryarta ta yi ƙasa.

"Zuwansa na ƙarshe ya rataya min wannan a wuya. Ya nuna alamar kulob ɗin a jikin tawul, ya nuna ƙasar Jidda, ya nuna ƙirjinsa. Wato duk ran da suka zo nan, shi ma yana ciki, in ɗaga tawul. Daga nan na bar aiki. Da suka ci kofin nan ban samu na yi masa barka ba, abin yana cina har yau."

"In ya mutu fa?"

"Sai in yi wa sauran barka."

"In yana nan ma ba za ka gan shi ba."

"Shi zai ga tawul."

"Da wane hannun? Kofin shayi ma rawa yake a hannunka."

Baba ya gwada ɗagawa sama. Bai kai ko'ina ba hannun ya sauko da kansa. Ya yi 'yar dariya, ya fara ninke tawul ɗin. "Halas, shi ke nan. Je ki wajen 'yan'uwanki, amarya. Ranarku ce. Ni na saba."

Ita kuwa Bayan ta tsaya tana kallonsa. Ta ciro waya ta yi ta latse-latse tana tsaki, ta wuce ni fuu ta shiga banɗaki. Sai ga ta da bokitin wankanmu na roba, ta dangwara masa a cinya.

"Riƙe, ango. Don in mun lallasa ku, kada ka dawo gida ba kofi."

Ya sa hannu ciki yana lalube, ya tsaya cak. Yatsunsa sun san saƙar. Koren shal ɗinta ne, a ninke.

"Ajiya na ba ka, ba kyauta ba," ta ce. "Na samo mana kujera biyu cikin masu kifin. Ni zan ɗaga tsumman nan naka har Hashimu ya gani. Amma da sharaɗi. In Ahli ta zura ƙwallo ba damar in yi ihu a can, don haka mintsininka zan yi."

Baba ya yi dariya har hawaye na bin gemunsa. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa mata damtsen nan nasa da ya zama fata da ƙashi.

"Ga shi. Ki bar min ɗayan kawai, da shi zan gaisa da Hashimu."