Ranar da Na Amsa Waya da Hanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar lallen autata Rabi ba, kuma ko na so in manta, hotunan bikin ba za su bar ni ba. Suna nan rataye a ɗakinta, duk wanda ya shiga sai ya tsaya ya ƙura wa hancina ido.

Bari in faro daga wayar, don ita ce tushen abin. Na daɗe ina riƙe da 'yar wayata mai madannai, har lambobin jikinta sun goge. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma yatsana ya haddace wayar nan kamar yadda ƙafata ta haddace hanyar madafa. Ina tuƙin tuwo da dama, ina latsa ta da hagu ba tare da na duba ba. Kunnena ma ya san ƙarar kowane madanni, in na yi kuskure ji nake yi kafin in gani. Da jiƙaƙƙen hannu, da hannun gari, da hannun man ƙuli, ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Da biki ya matso, ɗana Auwalu ya zo daga Kaduna da wayoyi biyu, ya ce in zaɓi ɗaya, ɗayar ya kai wa matarsa. Ta farko mai madannai ce, an jera su reras kamar ƙwayar masara, amma tana hoto, tana saƙon murya, duk abin da manyan wayoyi ke yi. Ta biyun kuwa gilashi ce sumul, ta shafawa. Ya ce shi dai a ganinsa mai madannan ta fi dacewa da ni, tunda hannuna ba ya rabuwa da aiki. Wannan maganar ce ta ɓata komai, don ni ji na yi kamar ya ce na tsufa. Ga kuma maƙwabciyata Asabe, kullum sai ta shigo ta zauna a tsakar gidana tana shafa tata da yatsa ɗaya, ta ɗage ɗan ƙaramin sama kamar mai ɗanɗana miya. (Allah ya sani, na sha gwada wannan ɗage yatsan ni kaɗai a ɗaki, a kan murfin kwano.) Na ce wa Auwalu uwar amarya ba ta latse-latse a gaban baƙi. Na ɗauki ta gilashi, na jefa tsohuwar cikin kwallar tsummokara.

Tun daga ranar muka fara zaman doya da manja, ni da ita. In na nufi wannan harafi sai maƙwabcinsa ya fito, don yatsana ɗaya yana rufe uku. In hannuna da ruwa, sai ta yi kamar ba ta san ni ba. Amma in Asabe ta shigo, sai in ɗage ɗan yatsa in ce ai wayar nan hutu ce.

Ranar lalle, maigidana Malam ya hau babur da sassafe zuwa Randagi don ɗauko yayarsa, Yaya Delu. Ita ta raine shi, kuma ya ce ba za a ɗaura auren Rabi ba ta nan ba. Duk wanda ke Birnin Gwari ya san yadda zuciya take zama in naka ya hau hanyar nan. Mun saba, da ya fito daga daji zai kira ni. Azahar ta yi, bai kira ba. Na sa aka neme shi, wayarsa a kashe. Ina gaisawa da mutane, ina dariya, amma kunnena yana kan wayar nan.

Mai lalle ta riga ta laɓa mini nawa hannu da ƙafa, jan nan na gida, ta ɗaure da leda. Mu manya muna ɗakina, kowa ya cire ɗankwali saboda zafi, kowa hannunsa a sama cikin leda. 'Yan mata duk suna can wajen amarya a maƙwabta, mai lallen ma ta fita alwala. Ana haka la'asar ta wuce, sai wayar ta ɗau ruri a kan filo.

Da tsohuwata ce, ko da gwiwar hannu na latsa ta amsa. Wannan kuwa na shafa da yatsa cikin leda, ta ƙi. Na danna da ƙarfi yadda na saba, leda ta fashe, lalle ya malale a kan gilashin ya rufe sunan mai kira. Tana ta kuka, ni kuma tsorona kada ta katse ban ji ko Malam yana raye ba. Asabe da ke kwance ta jingina ƙafafu a bango ta ce in gwada da hanci, ta ji an ce yana yi.

Na durƙusa da gwiwa, na kifa fuska, na ja hanci a kan gilashin nan kamar akuya a kwanon dusa. Sai kuwa ta amsa.

Abin da na fara ji tari ne. Ko cikin kasuwa Malam ya yi tari zan ware nasa. Wani sanyi ya sauko mini har ƙafa, na manta da matan da ke ɗakin, na manta da duniya. Akwai wani suna da nake kiransa da shi tun muna da ƙuruciya, wanda ko 'ya'yanmu ba su taɓa ji ba. Shi ne ya fito.

"Ɗan kwalisana, kai ne? Haka ake yi? Tun safe ko ruwa bai wuce mini ba, kai kana can kana karkace hula kana yawo."

Sai wani ya yi gyaran murya, kuma ba ta Malam ba ce.

"Salamu alaikum, Hajiya. Alhaji Mamman ne, baban ango. Malam ya iso lafiya shi da Yaya, ga shi kusa da ni. Taya ce ta yi musu faci, cajinsa kuma ya ƙare." Ya ɗan dakata. "Sai dai ki ɗan ja da baya, mu nan hanci kawai muke gani."

Ashe kiran bidiyo ne. Gidan Alhaji yana bakin gari, nan su Malam suka fara yada zango, shi kuma bawan Allah ya ce bari ya nuna mini shi ido da ido hankalina ya kwanta. Na ja da baya, ta gefen da lalle bai rufe ba na hango zaure cike da dattawan dangin ango a kan tabarma suna ƙulla goron biki. (Mutumin da ko a hanya na hango shi nake sauya lungu saboda kunya, yau ga shi ya leƙa cikin hancina har ƙurya.) Malam yana gefe ya sunkuyar da kai, yana ta duban takalminsa kamar yau ya saye shi.

Na ce bari in kashe. Na sake kai hanci, sai wayar ta zame daga filo, hoton ya juya ya koma kan Asabe, ƙafafu a bango, kai ba ɗankwali, kitso rabi a tsefe. Ta ƙwalla ƙara. Ɗaki ya hautsine, manyan mata suna rarrafe da gwiwa da gwiwar hannu, kowa na neman mayafi da haƙori. Da ƙyar na kifa wayar da haɓa, na tura filo a kanta na zauna. Daga ƙarƙashina na ji Alhaji yana cewa, "To Hajiya, Allah ya kai mu goben," ga dariyar Yaya Delu tana tashi a bayansa.

Na shige bayan gado na juya wa kowa baya, na ƙi fitowa sai da aka kira magariba. Cikin wannan zaman ko kaɗan ban tuna akwai abu a hancina ba. Da na wanke hannu na duba madubi, ga kan hancina jajir kamar barkono. Na sa sabulu, na sa toka, na sa lemon tsami, ko gezau. Mai lalle har da cewa ai ta faɗa mana nata ba ya wasa.

Haka na yi biki da mayafi a kan hanci. Baƙi suna ta cewa uwar amarya ta sha kuka, Allah sarki, rabuwa da auta da wuya. Na bar su a haka, sai da mai hoto ya dage in sauke hannu. Yaya Delu kuwa duk inda ta gan ni sai ta tambaya, a gaban mutane, ko na ga ɗan kwalisa ya wuce ta nan.

Malam bai ce mini komai ba sai bayan an kai amarya. Ya zauna yana cire hula, ya ce yanzu ko wajen mai nama ya je da sunan nan ake gaishe shi. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ya yi. Amma na lura tun daga lokacin hular ta ƙara karkacewa.

Washegari na zazzage kwalla na ciro tsohuwata. Na aika wa matar Auwalu ko za mu yi musaya, ta ce ita kam mai madannan ta karɓe ta, tana wanke-wanke tana latsawa. Ta gilashin tana nan a kan kabad, in jikoki sun turo hoto in goge hannu in duba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ki zaɓi waya, ki dubi hannunki da aikin da yake yi, ki bar ɗan yatsan Asabe inda yake. In kuma za ki kira mijinki da sunan cikin ɗaki, ki fara ja da baya ki ga su wa ke zaune.