Yadda Ake Zama Dakta a Gidan Surukai Ba Tare da Duba Majiyyaci Ba

Kai ɗalibin kimiyya da uwar budurwarka ta rantse sai likita za ta ba wa 'yarta, matso kusa. Matakan nan suna aiki, na ba ka tabbaci. An gwada su a kan Murtala na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ya shekara uku yana binciken digiri na uku a kan wani sinadarin jiki mai suna heme oxygenase. Bai taɓa duba ko mai mura ba, amma cikin wata guda Hajiya Talatu ta Tarauni ta sa aka tsayar masa da ranar aurensa da 'yarta Bilkisu.

Mataki na 1: Farar riga

Kada ka sa ta, wannan ƙarya ce. Rataya ta a kafaɗa kamar mantuwa ka yi. Haka Murtala ya shiga gaisuwar farko. Hajiya ta ce, "Bilkisu, ashe Dakta ne?" Sai ka sunkuyar da kai. Shiru a gaban suruka ladabi ne, ba wanda zai ce ka faɗi abin da ba haka ba.

Mataki na 2: Sunan sinadarin

Faɗe shi da sauri, ta hanci. Hajiya ta ce, "Himma wa?" Daga ranar sunan sinadarin Himma, kuma kada ka kuskura ka gyara mata.

Murtala ya yi bayani: "Hajiya, a jikin kowa yake. Idan jini ya tsufa, shi ke wargaza jan da ke cikinsa. Mu kuma muna neman hanyar zuga shi ya kare ƙwayoyin jiki daga irin tsatsar da iska ke yi musu, ya sauke kumburi."

Duk gaskiya ne. Abu ɗaya za ka haɗiye: cikin abin da Himma ke fitarwa har da iskar nan mai guba ta hayaƙin janareta, 'yar kaɗan. Suruka ba ta jin kalmar "kaɗan".

Mataki na 3: Gwiwa

Da jin kumburi, Hajiya ta ajiye kunyar surukuta a gefe, ta yaye zani zuwa gwiwa. "Ai ba a kunyar likita. Shekara tara ke nan, Dakta."

Leƙa daga nesa, gyaɗa kai a hankali, ka ce, "Muna kan aiki a kai."

"To yaushe maganin zai fito?"

"Ya kusa, in sha Allah."

A bakin mai bincike, "ya kusa" shekara goma sha biyar ce, in an yi sa'a. A kunnen Hajiya, jibi ce.

Mataki na 4: Guji maƙwabciyar da ta san aiki

Kowace unguwa da tata. Ta su Hajiya ita ce Madam Nkolika, tsohuwar nas, Hausarta ta fi taka. In ka hango ta, kara waya a kunne ka ce, "Ku sa masa ruwa, ga ni nan." Mako uku Murtala yana zille mata da wannan. A na huɗu ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ne Daktan? Kai ka ce Hajiya ta daina shan magani?"

Ashe Hajiya ta tattara ƙwayoyin asibiti, na gwiwa da na hawan jini, ta rufe a kwano. Ta ce ba za ta cika cikinta da maganin bare ba alhali na surukinta na hanya. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Da safen nan jiri ya kwashe ta wurin alwala, kuma abin da Madam ta gani da ta auna jininta sai da ta kira sunan Yesu sau biyu.

Mataki na 5: A nan dabara ta ƙare

Ni kaina ba ni da ita. Saura kwana tara ɗaurin aure, ga shi Murtala yana son Bilkisu har ransa. Amma Hajiya tana kwance ne saboda shi. Ya durƙusa a bakin tabarma.

"Hajiya, ku yafe mini. Ni ba likita ba ne. Himma bai zama magani ba tukuna, don Allah ku koma kan naku. Majiyyatana arba'in ne, kuma dukansu ɓeraye ne."

"Ɓera? Irin na ɗaki?"

"Farare ne, Hajiya. Na musamman."

Ta ja mayafi ta lulluɓe ƙafafunta. "Kuma na yaye maka gwiwata."

Murtala ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa.

Mataki na 6: Jira

Hajiya ta koma shan magani, jini ya sauka. Sai ita kanta ta kumbura, irin kumburin da binciken Murtala bai taɓo ba. Kwana huɗu ba ta amsa gaisuwarsa. A na biyar Bilkisu ta fito da saƙo, tana danne dariya: "Umma ta ce aure yana nan, tunda ka iya faɗin gaskiya saura kwana tara. Amma duk ranar asibitinta kai za ka riƙe mata layi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma waliyyin kowa ba. In surukarka ta ajiye magani, kai ta asibiti yau, kada ka biyo ta gidana. In an fasa ba ka, ban san ka ba. In kuma an ba ka, sunan da za ka tashi da shi ba da yawuna ba. Murtala ya kare digirinsa bara, yanzu Dakta ne na gaske a takarda. Je ka Tarauni ka tambayi gidan Dakta Murtala, kowa zai ce bai san shi ba. Ka ce mijin Bilkisu mai ɓera, ɗan adaidaita zai sauke ka a ƙofar gida.