Jinyar Kajin da Suka Ƙoshi

Ranar da maiɗakina za ta tafi Kunci zaman jegon 'yarmu, ta tsaya tana yi mini bayanin kajinta. Na katse ta na ce, "Ni da na yi kiwon shanu, kaza ce za ta gagare ni?"

Ba a jima ba kajin suka daina kallon dusa, akurki kuma ko ƙwai ɗaya babu. Nan take na yanke hukunci cewa annoba ce. Na jiƙa ɓawon maɗaci da barkono, kullum in bi su da gudu a tsakar gida ina ɗura musu. Har majalisa na kai ɗaya don maƙwabta su ga alamun cutar. Malam Sani, maƙwabcina, ya karɓe ta ya jinjina, ya ce, "Wannan ciwo dai ya karɓe ta."

Ranar da maiɗakina ta dawo, ina cikin ba ta labarin ƙoƙarina sai ga babbar kazarta ta fito daga ƙarƙashin rumbu, tana tafiyar ƙasaita, 'yan tsaki reras a bayanta. Ashe ɓera ne ya huda gindin rumbun, gero na ta zuba. Can suke ci, can suke ƙwai. Kazar nan ta sha maɗacina, ta ci gerona, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ban sani ba. Wallahi ta burge ni.

Har yau in na doshi majalisa, sai Malam Sani ya gyara mini tabarma ya ce, "Likita, tawa ta rame. Akwai gado a ƙarƙashin rumbun?"