Gilashin Bas a Motar Tsoho Bong

Jama'a, duk wanda bai taɓa sungumar gilashin mota ya hau bene da shi ba, kada ya zo yana ba ni labarin ciwon baya. Ni na yi, da girmana da furfurata, a ofishin da ake duba lafiyar motoci na gundumarmu. Akwai lif a ginin, sabo fil, sai dai an liƙa masa takarda cewa ana jiran ranar da Mai Girma shugaban gunduma zai samu sukunin zuwa ya buɗe shi. Muka bi matakala, maƙwabcina Bong Man-sik a gaba, ni a baya, gilashi a tsakaninmu nannaɗe da bargo kamar mun ɗauko majinyaci.

Bong direban bas ne tun yana saurayi har ya yi ritaya. Babu ƙauyen da bai kai mutane ba a yankin nan, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ya ajiye aiki, sa'anninsa suka koma hawan dutse da kamun kifi, shi kuwa ya yi odar mota irin wadda ake aiko maka gunduwa-gunduwa a akwatuna ka haɗa da hannunka. 'Yar ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi. Ya mamaye rumfar da matarsa Sun-rye take shanya barkono, ya yi shekara da shekaru yana ɗaure noti. Komai ya zo lafiya ban da gilashin gaba, wanda ya iso a farfashe, kuma kafin ya gama rubuta ƙorafi kamfanin ya rufe.

Da ba don ido ba, da sai ya bi abin a hankali. Likita ya gaya masa ganinsa yana raguwa, kuma ba irin wanda ake wankewa ba ne. Lasinsa zai ƙare da shigowar sanyi.

"Pyo," ya ce da ni wata rana muna shan giyar shinkafa a bakin rumfar, "yanzu ina ganin titi sarai. Amma gwajin sabunta lasin ba zan ci ba, na sani. Na tuƙa motar mutane duk rayuwata. Ina so in tuƙa tawa ko sau ɗaya ne."

Na ce, "Yaya, to mu yanka gilashin da kanmu mana."

Bakina ne ya jawo mini. Muka yanka kwali daidai bakin firam ɗin, muka riƙa yawo da shi a filin 'yan gwangwan muna ɗorawa a kan matattun motoci, har muka dace da wata tsohuwar bas da lanƙwasar gilashinta ta yi daidai. Gilashin gaba, in ba ku sani ba, biyu ne aka manne da leda a tsakani. Sai ka ja layi ta sama, ka juya ka ja ta ƙasa daidai kan na farko, ka danna a hankali har ka ji ya ce ƙas, sannan ka zuba sifirit a tsagar, ledar ta yi laushi ka bi ta da reza. A baki abin ba wuya. Na farko da muka taɓa ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Sun-rye tana tsaye da kwandon kabeji a hannu, ta ce da mijinta, "Baban Hye-jin, da ka ce mini fasa gilashi za ka yi a ritayarka, ai da na tara maka kwalabe. Sun fi araha."

Muka koma wajen 'yan gwangwan. Na biyun ya fita sumul. Bong ya yini yana goge bakinsa da dutsen wasa wuƙa da ruwa, har ya zama ko jariri ya shafa ba zai yanke shi ba. Shi ne wanda muka hau bene da shi.

Yallaɓai Mai Hatimi, jami'in da muka tarar a ofishin, matashi ne mai ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya miƙe, ya rusuna, ya ba mu kofi a kofin takarda. A ƙasar nan ba a korarka daga ofis da tsawa. Da ladabi ake yanka ka, har ka yi godiya. Ya zagaya gilashin, ya shafa, ya yaba.

"Baba, aiki ya yi kyau ƙwarai. Ina tambarin?"

"Wane tambari?"

"Na kamfanin da ya yi shi. Yana can ƙasa a kusurwa."

Kusurwar kuwa ita muka yanke. Bong, da yake ba ya zubar da komai, ya koma gida washegari ya ɗauko guntun ya ajiye masa a kan tebur. Yallaɓai ya ɗaga shi wajen haske, ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Wannan guntun yana da izinin hawa titi, Baba. Sauran gilashin ne ba shi da shi."

Haƙuri, in ji masu iya magana, maganin zaman duniya. Muka nemo wata bas ɗin, muka karkata kwalin yadda tambarin zai faɗo cikin yankan, muka sake yanka, muka sake hawa benen. Wannan karon Yallaɓai ya kira wani Yallaɓan da ya fi shi girman kujera, suka sunkuya tare.

"Tambarin bas ne," in ji babban. "Motar Baba mutum nawa take ɗauka?"

"Biyu."

"To sai dai a yi mata rajistar bas. Ita kuma bas dole ta kasance da ƙofar gaggawa da ƙararrawar sauka."

Bong ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta da rufi. Duk jikinta ƙofar gaggawa ce."

Ba wanda ya yi dariya. Suka ce akwai wata hanya, ita ce a kai gilashin gwaji. Na tambaya yadda ake gwajin. Wai ƙwallon ƙarfe ake sakowa a kansa daga sama a ga yadda zai fashe.

"In ya ci gwajin fa?"

"Sai a ba ku shaida."

"Da gilashin?"

"Da ɓaraguzansa, in kuna buƙata."

Gaba kura, baya sayaki. A nan ne ƙaramin Yallaɓan ya tausaya mana, ya ce mu leƙa Cibiyar Ƙere-ƙere ta gunduma, akwai tanderun lanƙwasa gilashi da aka sayo daga ƙasar waje, wanda zai iya yin sabo da tambarinsa. Kun san cibiyar, ginin nan mai kama da jirgin ruwa da aka dasa a tsakiyar gonakin shinkafa. Mai Girma, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya buɗe ta gab da zaɓen da ya wuce, kamar yadda ya buɗe ta gab da wanda ya gabace shi. Muka je. Tanderun yana nan, ƙato, ko ledarsa ba a cire ba. Mai gadi ya ce wayar wutar ginin ba ta iya ɗaukarsa, kuma an kafa kwamiti. Na tambaye shi abin da kwamitin ya gano. Ya ce sun je ƙasar da aka sayo shi su ga yadda ake kunnawa, sun dawo da hotuna masu kyau.

Damina ta wuce a haka. Barkono ya nuna, Sun-rye ta riƙa shanya shi a bakin titi tana korar karnuka. Bong ya ɗaura gilashin a motar duk da haka. Da yamma sai ya zauna a ciki, ya tayar da injin, ya saurara, ya kashe. Na lura ya fara matso da jarida kusa da hancinsa. Na daina tsokanarsa.

Uwargida Tak mai shagon taliya ce ta ce da ni, "Malam Pyo, kai da kake rubutu a jarida, sai surutu kan ramukan titi? Sa hoton motar mana. Manyan nan ba sa jin magana, amma suna ganin hoto."

Na sa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: zaɓe ya ƙarato, bikin tafarnuwa na gunduma kuma yana tafe. Ba a jima ba sai ga baƙar mota a ƙofar gidan Bong. Yallaɓai Mai Hatimi ne da kansa, da kwalin lemo a hannu. Wai Mai Girma ya ga hoton ya ji daɗi matuƙa. Wai motar nan shaida ce ta hazaƙar dattawan gunduma da kuma amfanin Cibiyar Ƙere-ƙere. Wai yana so Bong ya ɗauke shi a cikinta daga bakin ƙofar filin biki zuwa dandali. Yallaɓai ya miƙa wa Bong izini da hannu biyu: na yini guda, ranar Asabar ta bikin, daga safe zuwa faɗuwar rana, a kan duk titunan gunduma.

Bong ya ce, "Gilashin fa?"

"Ranar Asabar lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Lahadi fa?"

Yallaɓai ya sunkuyar da kai. "Lahadi yana da haɗari."

Asabar da safe Bong ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta aiki, an goge ta ƙal, da farar safar hannu irin ta direbobi. Ya turo motar bakin titi. Ina taya shi goge gilashi sai ga Sun-rye ta fito da kayan da take sawa zuwa ɗaurin aure, da ƙunshin abinci a hannu. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora ƙunshin a cinya.

Na ce, "Matar yaya, wannan kujerar Mai Girma ce fa."

Ta ce, "Shi ya rasa wurin shanya barkono?"

Bong ya dube ta, ta dube shi. Ya gyara madubi, ya sa hannu ya duba bel ɗin kujerarta kamar yadda yake yi wa tsofaffin fasinjojinsa. Dandalin biki yana hannun dama. Da suka kai mararraba ya kunna sigina, yadda doka ta ce, ya yi hagu.

Ni kuwa na tafi biki, don ba a ba ni labarin irin wannan. Mai Girma yana tsaye a bakin ƙofa da fure a ƙirji, wani yana riƙe masa lema. 'Yan badujala suka busa waƙar tarba har ta ƙare, suka sake, suka sake. Yallaɓai Mai Hatimi ya hango ni, ya taho da sauri.

"Baba Pyo, ina motar?"

Na ce, "Tana kan titunan gunduma, ranka ya daɗe, kamar yadda aka rubuta."

Wanda ya hau motar kwaɗayi, an ce, a tashar wulaƙanci yake sauka. Wannan ko hawan bai samu ba. Da rana ta take, masu kyamara suka fara duba agogo, sai wani hadimi ya tare wani manomi mai suna Ma Chil-bok da ya kawo buhunan tafarnuwa a 'yar taraktarsa. Aka shimfiɗa mayafi a kan buhunan, aka ɗora Mai Girma, aka shigo da shi tana fat-fat-fat tana hayaƙi. Jawabin kuwa an riga an rubuta, kuma Mai Girma ba ya kauce wa rubutu. Ya nuna taraktar da hannu, ya ce, "Wannan mota da kuka ga na shigo a cikinta, wani dattijonmu ne ya ƙera ta da hannunsa, da taimakon cibiyarmu." Muka tafa. Ni na fi kowa tafi.

Rana tana gab da faɗuwa suka dawo. Fuskar Sun-rye ta yi ja, gashinta ya tashi tsaye. Sun bi hanyar da Bong ya fi daɗewa yana yi da bas, wadda ita ba ta taɓa bi ba, ya nuna mata kowace tasha. Sun tsaya a kabarin iyayenta sun cire ciyawa. Sun ci abincinsu a bakin teku.

Na ce, "Ya motar?"

Ta ce, "Ƙara ta yi mata yawa, kujerar kuma kamar benci." Ta sauka tana dafa ƙugu, sannan ta juya wajen mijinta. "Kada ka taɓa gilashin nan da tsumman mai. Zan kawo mai tsabta."

Bong bai sauka nan da nan ba. Ya zauna da hannuwansa a kan sitiyari har injin ya huce. Daga baya muka tura ta cikin rumfa, ya cire safar hannun ya ninke.

An kafa kwamitin binciken abin da ya faru, na ji ma suna shirin tafiya wata ƙasa su ga yadda ake irin wannan bincike. Jiya kuma aka kira Ma Chil-bok aka rataya masa lambar yabo ta ƙere-ƙere. Mun haɗu a shagon taliya, ya ja ni gefe yana tambaya me ya ƙera. Na ce ya ci taliyarsa ya yi shiru, kada su ji su ce ya kawo tambari.