Mai Yasa a Gidan Yari

Ƙawata, ajiye wankin nan ki matso. Allah Ya yafe mana, ba na son cin naman mutane, shi ya sa ba zan kama suna ba. Amma wannan in na bar shi a ciki sai ya kumbura ni.

Wani mutum ne, sana'arsa yasar masai, a gafarce ni. Sana'a ce ta halal, ba wanda ya taɓa yi masa gori. Shi ne dai yake jin kunyarta. Kalmar masai ba ta fita daga bakinsa ko da kuskure. In an tambaye shi aikin me yake yi, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Harkar yasa muke ɗan taɓawa." Har ya sa aka rubuta Injiniya a ƙofar motarsa ta zuƙa, alhali ko tiyo bai iya ɗaurawa ba. Nasa dai ya riƙe ƙugu yana nuni da yatsa.

To, sai salgar gidan yari ta cika. Tsohon rami ne tun ginin gidan, bangonsa ya tsattsage, ruwa yana tsatsowa har gindin kicin. Fursunoni suka ce sun yarda a ƙara musu shekaru, a dai rage musu warin nan. Hukuma ta ce a zuƙe tsohon ramin a cike shi, a haƙa sabo. Surukin mutumin ya san wani, wanin ya san wani, aiki ya faɗo hannunsa.

Ranar aiki ya iso cikin farar shadda, ya sha turare. Aikin shadda cikin farar shadda, ƙawata! Wani tsohon ganduroba ya kai shi bayan ɗakunan fursunoni, ya nuna masa murfin ramin. Tsagar da ke jikinsa ko makaho ya taka zai ji.

Ganduroba ya ce, "Injiniya, bi ta gefe. Murfin nan ya gaji."

Ya ce, "Baba, kai mutane kake tsarewa, ni kankare na sani."

Fursunonin da aka fito da su don jan tiyo suna tsaye suna kallo. Ya yatsina fuska ya ce su ja baya, kada su shafa masa ƙwarƙwata. Ya hau murfin, ya buga ƙafa.

"Ka ji ƙararsa? Wannan sai ya ga jikokinka."

Ya sake bugawa.

Ƙawata, hular ce kawai ta tsaya a sama.

Da ya ɓullo, abin ya kai masa wuya. Wani dattijon fursuna ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce, "Injiniya, an gama awon? Ya zurfin?"

"Ku ciro ni, don girman Allah!"

"Ai muna tsoron shafa maka ƙwarƙwata."

Da ƙyar suka zura masa tiyo ya rungume, suka jawo shi. Aka tsayar da shi jikin katanga aka yi ta feshe shi da ruwa kamar motar haya. Shaddar kuwa, da sanda tsohon ganduroba ya ɗage ta ya jefa a wuta. Waya da katin shaida suna can ƙasa, Allah Ya jiƙan rai. Ba abin da za a ba shi ya rufe jiki sai kayan fursuna, riga da gajeren wando. Ya saka.

Kunya ta hana shi fitowa direbansa ya gan shi haka. Ya lallaɓa bayan tankin ruwa ya ɓuya, wai sai wari ya ragu. Barci ya kwashe shi. Direba ya zuƙi abin da mota za ta iya ɗauka, ya duba bai ga maigida ba, ya ɗauka kunya ta kore shi gida, ya ja mota ya fita. Tsohon ganduroba ma lokacin tashinsa ya yi, ya saɓa jakarsa ya tafi hutu.

Bayan la'asar mutumin ya farka. Ya miƙe ya nufi babbar ƙofa yana taku ɗai-ɗai, hannu a baya. A nan ya tarar da sabon ganduroba, wani murtukeke da bai taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Buɗe, zan wuce."

Ganduroba ya dube shi sama da ƙasa. "Sannu, mai gida. Sai ina?"

"Gida mana. Ni ba fursuna ba ne."

"Duk wanda ke cikin nan haka yake cewa. Me ya kawo ka?"

Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki ya ce masai, a wuce wurin. Ina! Ya kai hannu zai gyara hular da babu, ya ce, "Harkar yasa."

Kin dai san in aka ce an yashe gida, ba rijiya ake nufi ba.

Ganduroba ya gyara tsayuwa. "Yasa? Ka daɗe kana yi?"

"Tun kana goyo. Babu unguwar da ban shiga ba. Na yashe asibiti, na yashe makarantar 'yan mata, gidajen masu kuɗi kuwa ba a magana."

"Ta ina kake shiga?"

"Ta baya mana. Wa ke shiga irin wannan aiki ta ƙofar gaba?"

"Masu gidan fa?"

"Na fi so in sun yi barci, ko sun yi tafiya. Ba na son damun mutane."

"Allah Sarki, mai tausayi. Kayan fa, ina kake kai su?"

"Bayan gari. Akwai masu jira, tun kafin in sauke suke wawa."

"Yau kuma ina ka nufa?"

"Ai yau nan gidan na zo yashewa, tsautsayi ya rutsa da ni."

Ganduroba ya damƙi wuyan rigarsa, ya ja shi har ɗakin fursunoni. Aka yi ƙidaya, aka ga mutum ɗaya ya yi yawa. Ganduroba ya ce shi ragi ne ke tayar masa da hankali, ƙari kuwa albarka ce.

Mutumin ya hango dattijon da ya zura masa tiyo. Ya ce, "Yawwa! Baba, faɗa masa ko ni wane ne!"

Dattijo ya dube shi a tsanake ya ce, "Namu ne, yallaɓai. Yau ma tare muka yi wanka."

Da aka kulle ƙofa, mutumin ya ce, "Haba baba, me na yi maka?"

"Ka fasa mana murfi, ka bar rami a buɗe, kana so ka je ka kwana a gida? In ka fita wa zai sake ganinka? Zo ga tabarma a bakin taga, nan iskar ta fi shigowa. Shaƙi aikinka, Injiniya."

Washegari aka ce kowa ya fito fili. Ashe alƙali ne ya kawo ziyara, irin wadda ake duba waɗanda aka tsare ba shari'a a sallame su. Yana zaune a kan kujera, hankici a hanci, so yake ya gama ya gudu. Shi kuwa alƙalin nan, bara ya yi tafiya da iyalinsa, ɓarayi suka shiga gidansa, ko labule ba su bari ba. Har yau ba a kama kowa ba, kuma ba a yi masa zancen ya yi dariya.

Aka zo kan mutumin. Aka duba, babu mai ƙara, babu laifin da aka rubuta.

Alƙali ya ce, "Wannan zalunci ne. Bawan Allah, tashi ka tafi gida."

Ƙawata, ƙofa a buɗe. Ƙafa kawai zai ɗaga. Sai ya tsaya ya ƙura wa alƙali ido, ya washe baki.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ne! Ba ka san ni ba, amma ni na san gidanka ciki da bai. Ai ni na yashe shi bara, lokacin da kuka yi tafiya. Mai gadinka ne ma ya buɗe mini ƙofar baya."

Alƙali ya sauke hankici a hankali. Ya ce, "Kai ne?"

Matar mutumin tare muke zuwa karatu, ƙawata, don haka na roƙe ki, amsar da ya bayar ta tsaya tsakanina da ke, ko mijinki kada ya ji.

Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri ban kwashe duka ba, mota ce ta cika. Amma ina fita daga nan zan zo in ƙarasa."