Talatin da Biyu A: Wasiƙa ga Masu Ɗinka Rigar Mama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Zinariyar Ado, masu ɗinka rigar mama, a duk inda ofishinku yake.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ranka ya daɗe kana numfashi yadda kake so. Ni dai sai makon jiya na koma yin haka.

Sunana Zulaihat, malamar Islamiyya ce ni a Nasarawa Burkullu. Da ƙaramar salla maigidana Rabe ya je kasuwar Gummi ya sayo mini rigarku, domin mai sayarwar namiji ne, ni kuwa ban san da wane baki zan yi masa bayani ba. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun buga 32A a jikin rigar, ba ku ce ga abin da ake nufi ba. Rabe ya tsaya ya yi nazari irin na masu ilimi. Ya ce mini, "Talatin da biyu ai shekarunki na. A kuwa ita ta fi kyau, ko a jarrabawa." Ranka ya daɗe, wa zai ce bai yi hankali ba?

Na biyu. Rigar ta ƙi haɗuwa a bayana sai da na ƙara mata igiya. Wata huɗu ina sanye da ita, don kyautar miji ce. Ina biya wa ɗalibai karatu, numfashi na yanke mini a tsakiyar aya, su kuma su ɗauka tajwidi ne.

Na uku. Wannan ƙarfen da kuka ɓoye a ƙasanta, na mene ne? Ya huda yadin, ya huda ni, wurin ya kumbura ya yi tauri. Innata ta taɓa, ta fashe da kuka, ta ce ciwon dajin da ya ɗauke ƙanwarta ne ya dawo. Kafin la'asar duk unguwa ta ji. Na yi mako biyu ina kallon 'ya'yana uku ina tunanin wa zai riƙe su.

Na huɗu. Ni da Rabe muka hau babur zuwa asibiti a Gummi, kowane rami ƙarfenku na gaishe ni. Malamar jinya Uwani ta duba ni sosai, ta ce ba daji ba ne, sannan ta ce in miƙo rigar. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Baiwar Allah, ta ƙanwarki ce?" Ta ɗauko tef irin na tela. Ƙarƙashin ƙirji, inci talatin da takwas: lambar ke nan. Saman ƙirji, arba'in da biyu: bambancin inci huɗu, harafin D ke nan. Minti biyu, ranka ya daɗe. Jikin ledarku akwai hoton mace tana murmushi har a wuri uku, amma babu gurbin layi biyun nan?

Buƙatata ɗaya ce. Surukina, Malam Abdulƙadir, ya tara jama'a an yi mini addu'a, yanzu kuma kullum sai ya aiko a tambaye ni sunan cutar da maganin da aka ba ni, don a taimaki wasu. Ni ba zan iya faɗa masa ba. Rabe ya ce shi ma ba da shi ba. Don Allah ka zo da kanka ka yi masa bayani. Yana zama a ƙofar gida bayan la'asar.

Taka mai biyayya matuƙa,
Zulaihat Bature, 38D